Kafintan da Ya Kwashe Bencunan Daji

Daga ƙofar masaukin zuwa ƙwanƙolin dutsen tafiyar awa biyu da rabi ce ga mai ƙafa lafiyayya. A kan turbar akwai benci goma sha ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ya yi su duka. Kafinta ake ce masa. Baƙi suna ƙara masa Baba a gaba, matarsa kuwa, wadda ke riƙe da ɗakin wankin masaukin, in ta so tsokana sai ta ce Injiniya. Shekarunsa hamsin da takwas, goma sha biyu daga ciki a wannan dajin ya yi su.

Masaukin ɗakuna goma sha huɗu ne na katako a gindin dutse, cikin itatuwan da in ka ɗaga kai neman ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Waya ba ta kamawa sai a bayan ɗakin wanki, kusa da tankin ruwa. Masu zuwa hutu yawanci mutanen birni ne da likita ya gaji da ganinsu: mai hawan jini, mai rashin barci, da wanda ya yi ritaya ya rasa yadda zai yi da kansa. Babu maganin da ake ba su. Su yi tafiya, su shaƙi iska mai sanyi, su saurari ƙorama, su ci abinci a kan lokaci. Kwana uku ko huɗu sai ka ga fuskar mutum ta saki, ya daina laluba aljihu yana neman waya.

Aikin Kafinta shi ne gyaran ƙofa da taga, kwashe rassan da iska ta karyo kan turba, da raka baƙi hawan dutse. Amma abin da yake alfahari da shi bencunan ne. Bai auna turbar da tef ba kafin ya kafa su. Shekara guda ya yi yana bin baƙi a baya yana lura da inda suke tsayawa. Mutumin birni ba ya cewa ya gaji, sai dai ya durƙusa ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ko ya ce ya ji kukan wani tsuntsu yana son ganinsa. Duk inda mutum uku suka yi haka, nan Kafinta ya kafa benci. Kowane benci noti huɗu ke riƙe da shi a jikin dutse, don a iya kwance shi sau ɗaya a shekara a shafa masa mai.

Kafin daji, ya yi shekara goma sha tara a wani kamfanin kujeru a birni, a sashen haɗa ƙafafu, tebur na huɗu. A shekararsa ta goma aka kawo sabon manaja, dogo siriri, mai agogon ƙirga minti a rataye a wuya da wani a hannu. Ma'aikata suka sa masa Agogo, sunan kuma ya bi shi har ya tsufa. A makon farko ya sa aka kwashe duk wani abin zama da ke cikin shagon aikin, har da kwalin da mai shara ke ɗosanawa. Ya ce ya ƙirga, zama da tashi yana cin minti goma sha bakwai a ranar kowane ma'aikaci. Shi kansa ba a taɓa ganinsa zaune ba. Shayinsa ma a tsaye yake sha, yana kallon mutane ta saman kofi.

A da in an gama kujera, wanda ya haɗa ta shi ke zama a kai ya jijjiga, ya ji ko tana da rawa. Agogo ya hana. Ya kawo buhun yashi mai nauyin ƙaton mutum, ya ce shi za a riƙa ɗorawa. A kamfanin da ke fitar da kujera ɗari uku kullum, buhun yashi kaɗai ke da izinin zama. Ma'aikata suka riƙa gaishe shi da safe: ranka ya daɗe, an zauna lafiya?

Shekara tara Kafinta yana tsaye awa tara a kan siminti. Jijiyoyin ƙafarsa suka kumbura, suka nannaɗe a sharaɓarsa kamar igiyar rijiya. Wata Litinin da rana, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Akwai kujerar da ya gama a gabansa, gam ɗinta ya bushe. Ya zauna. Bai rufe ido ba, bai ma jingina ba, ƙafar kawai yake murzawa. Ya ji an ƙwanƙwasa gilashin agogo da farce sau biyu a bayansa.

Washegari aka miƙa masa takarda a bakin ƙofa. Ba ya karatu da sauri, don haka da ya isa gida ya ba babbar 'yarsa, tana da shekara goma sha uku a lokacin, ita ce mai karanta wasiƙun gidan. Ta tsaya a tsakar ɗaki ta karanta da ƙarfi, gaban uwarta da ƙannenta da wani kawunsu da ya zo gaisuwa: an same shi yana barci a bakin aiki. Ta ɗago ta dube shi, sannan ta sunkuyar da kai.

Kamfani uku ya je neman aiki, ukun suka nemi takardar barin aikinsa, ukun suka mayar masa da ita suna murmushi. Kawun nan ya yi shekara biyu yana tambayarsa, duk inda suka haɗu, ko ya tashi lafiya, ko da la'asar ne. Da ƙyar wata 'yar'uwar matarsa ta haɗa su da Hajiya mai masauki, wadda ba ta nemi takarda ba, ƙofa ta nuna masa ta ce ya gyara ta gani. Takardar kuwa bai yaga ta ba. Ya naɗe ta a leda ya sa a ƙasan akwatin kayan aikinsa, ƙarƙashin samfefa. Duk sanda ya ɗauki samfefa sai ya gan ta.

Wata Talata, shekara goma sha huɗu bayan korar, yana durƙushe yana gyara ƙofar ɗaki na shida, sai mota ta tsaya a harabar masauki. Bai juya ba. Ya ji muryar mace tana yaba sanyin wurin, sannan ya ji an ƙwanƙwasa gilashin agogo da farce sau biyu. Sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

Agogo ya tsufa. Kansa ya yi fari, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bayansa a miƙe yake kamar an sa masa katako. Ya dubi Kafinta ido cikin ido, ya nuna jaka da leɓe.

"Kai, ɗauki wannan. Kuma an ce ƙarfe uku ɗakin zai zama a shirye. Yanzu uku da minti shida."

Kafinta ya ɗauki jakar ya kai ciki. Ya ajiye ta a hankali, ya fito, ya wuce ɗakin wanki. Matarsa tana ninke zanen gado.

"Lafiya, Baban yara? Ka shigo kamar wanda ya taka maciji."

"Yana ɗaki na shida."

"Wa?"

"Agogo."

Ta ajiye zanen. Ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo. "Wancan tsohon? Allah mai iko. Ya gane ka?"

"Jaka ya ba ni."

"To ka gode Allah, ka bar shi da halinsa. Kwana biyar ne ya tafi."

"Tsuntsu daga sama gasasshe, ki ce in bar shi?"

"Tsuntsun da zai ƙone maka baki. Shekara goma sha biyu muna cin abinci a nan babu mai ɗaga mana murya. In Hajiya ta kore ka, wannan karon ni ce zan rubuta takardar, kuma ba barci zan sa ba, hauka zan sa."

Shi kuwa ya riga ya fara lissafin noti.

Da yamma matar Agogo ta same shi a bakin ƙorama. Mace ce mai fara'a, gajera, mai yawan ban haƙuri ko ba a yi komai ba. Ta ce tun da maigidan ya bar aiki shekara biyu ke nan bai yi barcin awa uku a jere ba, jininsa kullum a sama. Likita ya ce a kawo shi daji, ya riƙa tafiyar rabin awa, ya riƙa zama yana hutawa. Shi kuma da ya ga hoton ƙwanƙolin dutse a bangon ɗakin cin abinci, ya ce can zai je ranar Alhamis, ba zai biya kuɗin hutu ya tsaya a gindi ba.

"An ce akwai wuraren zama a hanya, ko Baba?"

"Akwai, Hajiya. Goma sha ɗaya."

"To don Allah ka riƙa tsayar da shi. Ga ƙwayoyinsa, ka riƙe, shi mantawa yake yi da gangan."

Kafinta ya karɓi ledar maganin ya sa a aljihun gaba. Bai yi niyyar barin mutumin ya mutu ba. Gawa ba ta tuna laifi, ba ta kuma sa hannu a takarda.

Ranar Alhamis ta yi masa daidai ta kowane gefe. Hajiya mai masauki tana zuwa gari sayayya, sauran baƙi kuma ranar ce ake kai su magangarar ruwa ta ƙasa. Laraba bayan azahar ya ɗauki sifana ya hau. Ya kwance benci na farko, ya ja shi taku goma cikin kurmi, ya rufe da ganye. Na biyu, na uku, haka har na goma. Noti arba'in ya zuba a aljihu, suna ƙara yana tafiya. Da ya gama na goma rana ta yi ƙasa, ƙafar hagu tana zugi, ya dubi saura hawan ya ce na ƙarshen ya ci darajar gajiyarsa. Ya sauko yana ɗingishi, yana murmushi shi kaɗai. A ransa yana ganin Agogo yana waige-waige, gwiwa na rawa, yana cewa don Allah ina zan zauna. Amsar ma ya tanade ta tun shekara goma sha huɗu: zama yana cin minti goma sha bakwai, ranka ya daɗe.

Suka tashi ƙarfe bakwai na safe. Gajimare ya sauko har kan turba, ganye na ɗiga, ƙasa baƙa jiƙaƙƙiya tana ƙamshi. Irin safiyar da baƙi ke tsayawa su buɗe hannuwa su ja numfashi ce. Agogo ya danna agogonsa ya ce a tafi.

A wurin benci na farko bai ko rage sauri ba. A na biyu ma haka. A na uku ya tsaya, ya goya hannuwa a baya, ya dubi agogo, ya yi minti biyu cif, ya ce a ci gaba. Ramukan noti huɗu na nan a jikin dutse dab da takalminsa, bai gan su ba. Kafinta ya ce a ransa, bari dai, hawan bai fara ba tukuna.

Daga na huɗu turbar ke miƙewa tsaye, saiwoyi suka zama matakala. Numfashin Agogo ya fara fita da ƙara. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa duk da sanyi. A na biyar Kafinta ya miƙa masa ruwa da ƙwaya, ya duba leɓunansa ya ga ba su sauya launi ba.

"In ka gaji, ranka ya daɗe, sai mu juya."

"Wa ya ce maka na gaji? Kai ne ke jan ƙafa. Da a ƙarƙashina kake aiki da ba ka kai mako ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

A wurin na bakwai akwai wani faffaɗan dutse a gefen hanya, busasshe, daidai tsayin gwiwa. Kafinta ya manta da shi sarai, da ya hango shi gabansa ya faɗi, don babu sifanar da za ta kwance wannan. Agogo ma ya gan shi. Ya tsaya a gabansa, gwiwoyinsa suna karkarwa a cikin wando. Ya dubi dutsen kamar mai azumi yana duban randa. Sannan ya saci kallon Kafinta, ya miƙe bayansa, ya goya hannuwa, ya dubi agogo.

A nan Kafinta ya gane ya yi aikin banza. Benci goma, noti arba'in, da ƙafar da ta hana shi sakewa jiya, duk a kan mutumin da ko an shimfiɗa masa katifa a kan turbar ba zai zauna ba muddin akwai ma'aikaci a tsaye yana kallonsa. Shekara tara ya yi yana ganin wannan halin kullum, amma da ya zo shirya ramuwa sai ya auna mutumin da ƙafar kansa. Haushi ya cika shi har ya ji ɗaci a baki. Ya wuce gaba ya ƙara sauri, notin na kaɗawa a aljihunsa.

Ƙwanƙolin dutsen fili ne ɗan ƙarami, bai fi ɗaki biyu ba. Ta gaba rami ne, ana hango daji ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare. Ƙasan wurin taɓo ne da ruwan daren jiya ya bari, jajayen tururuwa kuma sun ja layi a gindin itacen da ke tsakiya. A ƙarƙashin itacen benci na goma sha ɗaya yake, gajere, na mutum biyu, wanda ya fi duk sauran kyau.

Kafinta ya isa da 'yan takunsa kafin Agogo. Ya tsaya yana duban bencin da ya kasa kwashewa, sai wani abu ya faɗo masa. Ya sauke jakarsa ya ɗora a gefe ɗaya. Ya zauna a tsakiya, ya baje. Ya miƙe ƙafar hagu, ya naɗe wando, ya fara warware bandejin da ke sharaɓarsa a hankali, kamar mai ɓare rake.

Agogo ya iso yana haki. Ya dafa itacen, tururuwa suka hau hannunsa, ya saki. Ya dubi taɓo, ya dubi benci, ya dubi mutumin da ke kai.

"Kai, ba ka ga babba a tsaye ba?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Na saba ganinsa a tsaye."

"Me ka ce?"

"Sashen ƙafafu. Tebur na huɗu."

Agogo ya ƙura masa ido. Bai dubi fuska sosai ba, hannuwan ya duba, da tabon zarto a babban yatsa, sannan jijiyoyin da suka nannaɗe a ƙafar. Bakinsa ya motsa kamar mai ƙirga.

"Ɗari da sittin da biyu," in ji shi.

"Ashe kan na aiki. Lambar ka riƙe, jaka kuma ka ba mutumin."

"Matata ta ce akwai wuraren zama a hanya."

"Akwai. Na kwashe su jiya. Na ƙirga na ga suna ci wa baƙi lokaci."

Iska ta taso daga ramin ta kaɗa rigar Agogo. Ƙafafunsa yanzu rawa suke yi a fili, ba ya iya ɓoyewa. Kafinta ya buɗe jaka, ya ciro ledar da ya ɗauko daga ƙasan akwatinsa, ya warware takardar korar da ta yi ja don tsufa. Ya miƙa masa.

"Karanta. 'Yata ce ta karanta mini ita, gaban ƙannenta."

Agogo ya riƙe ta nesa da ido ya karanta.

"Ba barci nake yi ba," in ji Kafinta.

"Na sani."

"Ka sani."

"Idonka biyu, kana murza ƙafa. Amma takardar kora laifi shida ne a jere, ɗaya ake zaɓa. Sata, faɗa, maye, fashin aiki, ɓarnar kaya, barci. Babu zama a ciki. Na duba wanda ya fi kusa na sa."

Ya faɗi haka ne da muryar mai bayanin yadda ake kunna inji. Kafinta ya sha tunanin ranar nan, ya ɗauka mutumin zai musa, ko ya yi rantsuwa, ko ya ce ya manta. Ya tanadi amsar kowanne. Bai tanadi wannan ba. Kamfani uku, shekara biyu ta zaman gida, da kan yarinya a sunkuye, ashe duk daga layin da ya fi kusa suka fito. Hannunsa ya kai aljihu ya damƙi notin har suka shiga tafinsa.

Sannan ya zare fensirin da ke bayan kunnensa.

"Juya bayanta. Rubuta abin da ka faɗa yanzu, ka sa hannu, ka sa kwanan wata."

"Kamfanin ma an rufe shi. Wa za ka kai wa?"

"Ba ruwanka."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu sauka. Awa biyu ne, kuma babu benci a hanya. Ni dai na huta."

Agogo ya dubi turbar da suka biyo. Ya dubi agogonsa, wataƙila don bai san inda zai kai ido ba. Ya karɓi fensirin. Babu abin dannawa, dole ya manna takardar a jikin itacen, yana rubutu yana karkaɗe tururuwa daga wuyan hannu. Ya miƙo.

Kafinta ya bi rubutun da yatsa, harafi bayan harafi. Ba barci yake yi ba. Zama ya yi, minti huɗu. Ga sa hannun nan da ya sani, mai doguwar jela, ga kwanan wata.

"Minti huɗu," in ji shi.

"Da daƙiƙa goma. Ban sa su ba."

Kafinta ya ninke takardar ya mayar cikin leda. Bai matsa ba ko da faɗin yatsa. Jakar kawai ya ɗauke ya ajiye a kan cinyarsa. Agogo ya tsaya kamar zai yi gardama da ƙafafunsa, sannan suka yanke masa hukunci, ya zube a ɗan gefen da aka bari. Numfashin da ya saki ya yi tsawo. Can hannunsa ya zame ƙarƙashin bencin da kansa, yana laluba mahaɗar ƙafa.

"Babu ƙusa."

"Babu."

"Da me aka gwada shi?"

"Da ni. Ba mu da buhun yashi a nan."

Haƙuri dai Agogo bai bayar ba, Kafinta kuma bai nema ba. Suka sauko, Kafinta a gaba, yana tsayawa a inda ya ga dama.

Hajiya mai masauki ta riga su dawowa. Wani tsohon malamin makaranta da bai bi masu zuwa magangarar ruwa ba ya hau neman benci na farko da littafinsa, ya tarar da ramuka huɗu. Ta kira Kafinta bayan kicin.

"Ina bencunana?"

"Suna cikin kurmi, Hajiya."

"Lokacin shafa mai ya yi ne?"

"Bai yi ba."

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Da tsohon nan ya faɗi a can, ni da kai da masaukin duk mun tafi. Tsakaninka da shi Allah ya sani, amma baƙona baƙona ne. Gobe kafin azahar in ga goma a wurinsu. In ka sake taɓa noti ɗaya ba da sanina ba, ka haɗa akwatinka."

Ya mayar da su, shi kaɗai. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Yana zaune a ƙofar ɗakin wanki da ita cikin bokitin ruwan ɗumi sai ga matar Agogo da sauri, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Ban san abin da ka yi masa ba. Awa goma sha ɗaya yana barci, har na kara kunne in ji ko yana numfashi. Na gwada jininsa da safe, rabon da in ga wannan lambar tun yana aiki. Mun ƙara mako guda. Ya ce kai zai riƙa bi kullum, wai kai kaɗai ne a nan ba ka wasa da aiki."

Tana ba da baya matarsa ta faɗa kan tulin zanen gado tana dariya har da hawaye.

"Injiniya, ashe likita na aura ban sani ba. Ka tafi ramuwa ka dawo da lada. Da ka bar shi da halinsa da yanzu yana can idonsa biyu yana ƙirga silin."

"Yi dariyarki."

"To yanzu ka yafe?"

"Ban yafe ba. Miƙo mini wayata."

Ya cire ƙafar daga bokiti, ya ɗingisa zuwa bayan tanki inda waya ke kamawa. Ya ɗauki hoton bayan takardar ya tura wa babbar 'yarsa, wadda yanzu malamar asibiti ce mai 'ya'ya biyu. Sannan ya kira ta.

"Kin ga abin da na turo?"

"Na gani, Baba. Ni ai ban taɓa yarda ba, ko a lokacin."

"Ban tambaye ki ba. Karanta mini. Da ƙarfi."

Ta karanta. Ya ce ta kira yaran su tsaya kusa, ta sake. Ta sake. Ya ce ta tura wa kawunta, ta kuma tambaye shi ko ya tashi lafiya.

Mako gudan da aka ƙara, kullum ƙarfe bakwai suna kan turba, shi da Agogo. Bencuna goma sha ɗaya suna wurinsu, noti a ɗaure, Hajiya ba ta da abin cewa. A kowane benci Kafinta ke fara zama, a tsakiya, jaka a gefe. Sai ya ce wa baƙon ya danna agogo. In minti huɗu da daƙiƙa goma sun cika, ya ɗauke jakar.